Rabin Kofin Ruwan Omo

Abin da zai ɓata wannan Asabar ɗin bai wuce rabin kofi ba, kuma Malam Badaru ne ya zuba shi da hannunsa, har da bisimilla, yana ganin alheri yake yi.

Motar tana tsaye a ƙofar gidansa a Lafia, ƙarƙashin mangwaro. Tsohuwar motar Amurka ce, ja, mai ƙofa biyu da silinda takwas, wadda in aka tayar da ita kajin unguwa ke watsewa. Shekara goma sha ɗaya ta yi a yashe a bayan gidan Alhaji Na'Allah mai katako, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kafin Safiyullahi, ɗan farin Malam Badaru, ya roƙa a bar masa ita. Safiyullahi bakanike ne, shekararsa ashirin da shida. A farkon daminar 2004 ya tashi injin. Ranar da ya dawo daga gwajin farko ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya ce akwai wasu masu motoci daga Abuja da Jos da Makurdi da ke haɗuwa a wani fili a hanyar Doma. An shimfiɗa kwalta a wurin don rukunin gidajen da ba a taɓa ginawa ba, titin ya zagaye ya dawo inda ya fara, da kwana bakwai a cikinsa. Kowace mota zagaye biyar take yi ita kaɗai, ana duba agogo. Ya ce yana so ya shiga, don a ga aikin hannunsa.

Malam Badaru bai ce a'a ba. Shekara ashirin da bakwai ya yi yana jan Fijo tsakanin Lafia da Jos kafin ya koma sayar da riɗi a kasuwa. Ya karɓi makulli, ya zagaya unguwa sau ɗaya, ya dawo ya kashe mota.

"Wannan ta iya gudu, ba ta iya tsayawa ba," in ji shi. "A kwana kuma kwanciya take kamar kwale-kwale. Ranar da ta iya tsayawa kamar yadda ta iya gudu, na yarda ka je."

A gaban matarsa Indo ya faɗa, da kuma Iorwuese, bakanike ɗan ƙabilar Tibi da ya koya wa Safiyullahi aiki. Ya faɗa ne yana da tabbacin ba za ta taɓa yiwuwa ba.

Sai ga shi ta yiwu. Wata biyar suka yi a kanta. Suka cire tsohon birkin gaba suka sa na farantin ƙarfe da suka ciro daga wata Marsandi da ta mutu a Makurdi. Suka sa sabuwar fatar birki, suka canza bututai. Suka rage tsawon sifirin har motar ta sunkuyo, suka sa shakazoba masu tauri, suka ɗaura sandar ƙarfe tsakanin ƙafafun gaba don kada ta kwanta a kwana. Tayoyin da suka sa faɗinsu ya kusa na turmi. Malam Badaru ya ce shi babu ruwansa, ko kallo ba zai je ba. Amma kullum in ya dawo daga sallar asuba, kafin kowa ya fito, sai ya zagaya motar. Ya danna taya da babban yatsa, ya leƙa ƙarƙashi ko wani abu na ɗiga, ya buɗe bonet a hankali don kada ta yi ƙara.

A safiyar wannan Asabar, ranar da Safiyullahi zai shiga tseren, da ya buɗe, idonsa ya sauka kan robar man birki. Man bai kai baki ba. Akwai sarari kamar faɗin yatsu biyu.

Ya sake leƙawa. Yau da yaron zai fi buƙatar birki, yau man bai cika ba? Ya duba cikin mota, ya duba zaure, babu gwangwanin mai. Ya tsaya yana kallon robar. A zamaninsa, in man birki ya tsiyaye a daji tsakanin Akwanga da Jos, babu direban da ke kwana a hanya. A kaɗa omo a ruwa har ya yi santsi, a zuba, a wuce. Shi kansa ya yi haka ba sau goma ba, ba sau ashirin ba, kuma bai taɓa kai fasinja asibiti ba.

Ya shiga gida. Indo tana dama koko a tsakar gida.

"Ba ni kofin silbar nan da ɗan omo."

"Hula za ka wanke da sassafen nan, Malam?"

"Ba ni dai."

Ya kaɗa da yatsa har kumfa ta kwanta, ya fita, ya zuba a hankali har ya cika baki. Rabin kofi ya shiga. Ya rufe murfin, ya goge da gefen rigarsa, ya watsar da sauran a gindin mangwaro. A karo na farko cikin makon nan ya ji ƙirjinsa ya yi sauƙi.

Ƙarfe takwas Safiyullahi ya fito da hular kwano a hannu. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa.

"Baba, da gaske ba za ka zo ba?"

"Ina da riɗin da za a auna."

"Ko zagaye ɗaya ka gani."

"Na ga gudu a rayuwata, ya ishe ni. Kai dai ka kula. Allah ya kiyaye."

Bai kira sunansa ba. Bai taɓa kira ba, kunyar ɗan fari ce, daga "kai" sai "yaron nan". Bai kuma faɗa masa abin da ya zuba ba, don in ya faɗa, za a gane mutumin da ya ce babu ruwansa shi ne ke leƙa bonet kowace asuba. Indo ta biyo ɗan nata har zaure tana tofa masa addu'a. Motar ta tashi da rugugi, kaji suka watse, ta karya kwana ta ɓace.

A kasuwa Malam Badaru ya kasa zama. Ya auna buhu ɗaya sau biyu, ya manta abin da ya samu. Ƙarfe tara ya bar wa maƙwabcinsa shago, ya taka zuwa garejin Iorwuese, don kawai ya ji wani ya sake ce masa komai lafiya.

Ya tarar da shi yana ɗaure akwatin sifana a bayan babur, da faranti na dafaffiyar doya da manja a kan benci.

"Baban Safi!" Iorwuese ya yi dariya da doya a baki. "Ka ce ba za ka zo ba, ga ka nan. Zuciya ya ƙi zama, ko?"

"Wucewa nake."

"Wucewa zuwa ina? Kasuwa yana can bayanka. Zauna ka ci doya, Oga Direba. Sai ƙarfe goma za su fara, yanzu zan bi shi."

Malam Badaru bai zauna ba. Ya ɗauki wani ƙaramin gwangwani da ke kan akwatin, ya juya shi a hannu.

"Wannan ne man birkin?"

"Shi ne. Daga Legas na sa aka kawo. Abeg kar ka buɗe, ko iska ba ya so."

"Mai ne ko jariri?"

"Ya fi jariri rigima."

"To in haka kuke ji da shi, me ya hana ku cika robar har baki? Aikin yaran zamani ke nan."

"Da gangan ne. Akwai layi a jikin roba, nan ne iyaka. In ya yi zafi yana kumbura, dole a bar masa wuri." Iorwuese ya kai loma baki, sai ya tsaya. Ya mayar da ita faranti. "Baban Safi, yaya ka san bai cika ba?"

Malam Badaru ya ajiye gwangwanin. Ya kalli ƙasa, ya kalli titi. Wani ɗan acaba ya wuce da buhun gawayi.

"Na ƙara masa."

"Da me? Gwangwani ɗaya ya rage a duniya, ga shi nan a gabanka."

"Da abin da muke ƙarawa."

"Wane abu?"

"Ruwan omo. Rabin kofi ne kawai."

Iorwuese ya ɗora hannu biyu a ka. Bai yi ihu ba, kuma rashin ihun ne ya fi tsorata Malam Badaru.

"Kai, kada ka kalle ni haka," in ji shi, muryarsa ta ɗaga. "Shekara ashirin da bakwai ina hawa da sauka a tudun Nasarawa Eggon da ruwan omo a birki. Ka taɓa jin na faɗa rami?"

"Da me kake sauka tudun? Da birki?"

"Wane mahaukacin direba ne ke sauka da birki? Da giya."

"To ka gani. Birki naka bai taɓa yin zafi ba. Safi zai taho da gudun ɗari da arba'in, ya taka, ya saki, ya sake taka. Kwana bakwai, sau biyar. Faranti zai yi ja kamar murhun mai ƙosai. Wannan mai an yi shi ne don ya jure zafi. Ruwa fa? Ruwa zai tafasa ya zama tururi. Tururi ba ya riƙe mota, Baban Safi. Zagaye na ɗaya lafiya, na biyu lafiya. A na uku ko na huɗu zai taka ya ji kamar ya taka tuwo."

"Birki ya shanye," in ji Malam Badaru a hankali.

"Ya shanye. Kuma kwana mafi sharri a wurin yana kan kwalbati, da rafi a ƙasa."

Iorwuese ya zaro waya daga aljihu, ya danna, ya kara a kunne. Ya sake dannawa. Ya ɗaga ta sama kamar mai neman iska.

"Babu sabis a wancan fili. Hau."

Malam Badaru ya tattare babbar rigarsa ya hau bayan babur, akwatin sifana yana dukan bayansa. Agogon hannunsa ya nuna tara da ashirin da biyar.

Bai taɓa ganin hanyar Doma ta yi tsawo irin na ranar ba. A bakin gari wata babbar mota ɗauke da doya ta toshe rabin titi, suka ratsa ta gefen kwata. Gaba kaɗan garken shanu yana tsallakawa, Bafulatanin yana tafe a hankali da sanda a kafaɗa. Iorwuese yana ta danna ham, shanun ko a jikinsu. Malam Badaru ya rufe ido. Yana ganin ƙafar yaron a kan birki, yana ganin ta nutse har ƙasa. Yana ganin kansa a tsakar gida yana faɗa wa Indo abin da aka yi da kofinta. Ya buɗe ido da sauri.

"In ya riga ya fara fa?"

"Ka yi addu'a irin naku, ni ina yin irin namu," in ji Iorwuese, ya murɗa totur.

Tun kafin su ga filin suka ji shi. Wata mota tana zagaye, tayoyinta suna kuka a kwana. Mutane sun yi layi a bayan igiya, mata suna sayar da lemo da gasasshiyar masara. Wani mutum mai jar hula yana riƙe da tuta da agogo. Motoci uku suna jiran layi, ta gaba ita ce jar motar, injinta a kunne, Safiyullahi a ciki da hular kwano.

Malam Badaru ya diro tun babur bai gama tsayawa ba. Takalminsa ɗaya ya fita, bai koma ya ɗauka ba. Ya tsallake igiya. Mai tuta ya yi masa tsawa, bai ji ba. Ƙarar injin ta cika wurin, yaron kuma gabansa kawai yake kallo.

"Safiyullahi!"

Sunan ya fito daga bakinsa da ƙarfin da shi kansa bai san yana da shi ba. Safiyullahi ya juyo a firgice. Bai taɓa jin sunansa a wannan muryar ba. Ya kashe mota nan take, ya cire hular.

"Baba? Lafiya? Wani abu ya sami Inna?"

"Uwarka lafiya lau. Ni ne." Ya dafa ƙofar motar yana haki. Samarin da ke jiran layi sun matso, da tabarau da makullai a yatsa. Ya so a ce babu kowa, amma babu lokacin jan yaron gefe. "Da asuba na buɗe bonet, na ga man birki bai cika ba. Na ƙara ruwan omo."

Samarin suka kalli juna. Sai wani siriri mai farar riga ya fashe da dariya.

"Omo? Baba wanki ya zo yi wa birki!"

Biyu suka taya shi. Malam Badaru ya tsaya da ƙafa ɗaya babu takalmi, bai ɗaga kai ba. Safiyullahi ya fito daga motar. Bai kalli masu dariyar ba, bai kuma kalli fuskar mahaifinsa ba.

"Kamar nawa, Baba?"

"Rabin kofin silbar uwarka."

"To." Ya juya wajen mai tuta. "Oga, a mayar da ni ƙarshe." Sannan ya buɗe ƙofar direba sosai. "Baba, shiga ka zauna. Ƙafarka muke buƙata."

Suka tura motar ƙarƙashin wata ɗorawa. Iorwuese ya zuƙe abin da ke cikin robar da siririn tiyo, ya zubar, ya goge cikin da tsumma mai tsabta, sannan ya fasa gwangwanin Legas ya zuba. Safiyullahi ya kwanta a ƙasa wajen tayar baya da sifana da kwalba. Aikin mutum biyu ne: ɗaya ya danna birki daga ciki, ɗaya ya kwance ƙaramin noti a ƙasa don tsohon mai ya fita, sabon ya bi bayansa.

"Danna, Baba! Danna! Danna! Riƙe!"

Malam Badaru ya riƙe. Ya ji birkin yana nutsewa a hankali ƙarƙashin tafin ƙafarsa.

"Na ɗaure. Saki. Danna!"

Haka suka yi ta yi, taya bayan taya. Motoci suna wucewa da gudu a bayansu, mutane suna sowa, shi bai ga ko ɗaya ba. Gumi ya jiƙa rigarsa. Cinyarsa ta fara zafi. Da aka gama tayoyin baya Iorwuese ya kawo masa kwalbar ya nuna masa. Man ya yi gauraye kamar ruwan shinkafa, da 'yar kumfa a sama.

"Ka ga aikinka, Oga Direba. Ya riga ya fara sauka."

Tayar gaba ta dama ta fitar da gauraye, sannan ta fitar da garau. A ta hagu, wadda ita ce ta ƙarshe, Iorwuese ya kifa gwangwanin a kan robar, ya bubbuga gindinsa. Ɗigo uku suka faɗo.

"Ya ƙare. In muka ƙara dannawa iska zai shiga."

Safiyullahi ya ɗaure notin, ya fito da kwalbar, ya ɗaga ta saitin rana. Su uku suka zuba mata ido. Kamar garau. Kamar kuma da ɗan hazo-hazo a ƙasa, ko kuwa dattin kwalbar ne.

"Da gwangwani biyu ne, da na rantse maka," in ji Iorwuese. "Ɗaya ne."

Ya zagaya wajen masu motocin yana tambaya. Mutum ɗaya ne ke da man birki, shi ma na kasuwa ne, a buɗe tun bara, murfinsa ya yi tsatsa. Iorwuese ya shinshina ya mayar masa.

Malam Badaru ya taka birkin. Ya tsaya ƙam kamar dutse. Amma yanzu ya san wannan ba shaida ba ce. Da asuba ma haka ya tsaya.

"Sai ya yi zafi za a sani," in ji shi. "Akwai inda za a gwada?"

Akwai wani miƙaƙƙen titi a gefen filin da ba a tsere a kansa, ƙarshensa gonar gyaɗa ce da aka riga aka cire, fili fetal. In birki ya shanye a can, ƙasa mai laushi ce za ta tare mota. Safiyullahi ya miƙa hannu zai karɓi sitiyari.

"Zagaya ka zauna," in ji mahaifinsa. "Ni na zuba, ni zan taka."

Shekara shida rabonsa da wuce gudun tamanin a mota. Ya sa giya, ya ba ta wuta, motar ta manna shi da kujera. A ɗari da ashirin ya taka birki da dukkan ƙarfinsa. Ta tsaya cak, ba ta ja dama ko hagu ba, ba ta dunguri ƙasa da hanci ba. Ko a cikin tsoron sai da ya ji wani abu a ransa. Yaron ya cika sharaɗi. Motar ta iya tsayawa.

Ya juya, ya sake. Sau biyu, sau uku. Warin fatar birki ya cika motar. Sau huɗu, sau biyar, duk dutse. A na shida, daidai lokacin da motar ke gab da tsayawa, ya ji kamar birkin ya ɗan sauka. Kaɗan ne, bai fi faɗin yatsa ba.

Ya zauna riƙe da sitiyari. Ya kalli ƙafarsa ta dama, wadda babu takalmi. Rawa take yi, tun daga cinya har yatsu. Ya danna birki fiye da sau ɗari a ƙarƙashin ɗorawar nan, kuma tun safe ko koko bai sha ba.

"Yaya, Baba?"

"A na ƙarshen nan na ji kamar ya sauka."

"Ya sauka, ko kamar ya sauka?"

"Ban sani ba. Ka ga ƙafata."

Suka canza wuri. Safiyullahi ya yi gudu ya taka sau uku.

"Dutse ne, Baba."

"Ya huce lokacin da muke magana."

"Bai huce ba. Ji wari."

Suka koma gindin ɗorawa. Iorwuese ya kara bayan hannunsa kusa da tayar gaba, ya janye da sauri, ya leƙa robar mai. Ya ɗaga kafaɗa.

"Ido na bai ga komai ba. Amma ido ba ya shiga cikin bututu."

Mai tuta ya ɗaga hannu daga nesa. Motar da ke gaban Safiyullahi tana zagayenta na ƙarshe. Safiyullahi ya ɗauki hular kwano, ya riƙe ta a ƙirji, bai sa ba. Ya matso kusa da mahaifinsa, ya rage murya yadda Iorwuese ma ba zai ji ba.

"Baba, in ka ce kada in shiga, yanzu zan ba ka makulli."

Kalma ɗaya ce. Malam Badaru ya ji ta a kan harshensa. Ya san yaron zai bi, ba zai yi musu ba, zai ja motar a hankali zuwa gida, ya gaida shi gobe da safe kamar kullum. Ya kalli hannun yaron. Duk ƙuna ne da yanka na wata biyar. Shi ya gindaya sharaɗi a gaban shaidu, yaron ya cika, shi kuma ya zo da kofi ya ɓata. Ya kuma kalli can ƙarshen filin, inda titin ya gangara ya shige bayan itatuwa wajen kwalbatin.

"Giya nawa kake shiga kwanar kwalbati da ita?"

"Da ta uku. In taka birki a makare, in shige."

"Ka sauko ta biyu tun daga wancan turken. Injin ya riƙe maka rabin nauyin, birki ya riƙe rabi. Kowane zagaye, ba sai ka ji wani abu ba."

"Zan rasa lokaci, Baba."

"Ka rasa."

Safiyullahi ya kalli gangarar. Mahaifinsa ya ci gaba.

"Kuma in ka ji ya sauka, ko da faɗin yatsa ne, a ko'ina kake, kada ka jira kwana ta gaba ta tabbatar maka. Ka saki totur, ka bi giya ɗaya-ɗaya, ka fita gefe. Su yi dariya. Yau sun riga sun yi wa babba, ba abin da zai rage ka."

"To, Baba."

"Ka ce ka yi alkawari."

"Na yi alkawari."

Ya sa hular, ya shiga. Iorwuese ya buga rufin motar sau biyu da tafin hannu. Wata mai lemo ta zo ta ajiye takalmin Malam Badaru a gabansa. Ya zura ƙafa, ya taka zuwa bakin igiya, wurin da ake hango gangarar.

Tuta ta sauka. Jar motar ta fita da rugugin da ya sa mutane ja da baya. Ta sha kwanar farko a miƙe, ba ta kwanta ba. Ta sha ta biyu. Da ta nufi gangarar, Malam Badaru ya daina kallo ya kasa kunne. Daidai turken ya ji injin ya ɗaga murya, alamar an sauko giya. Ta shige bayan itatuwa. Ya ƙirga a ransa, ɗaya, biyu, har bakwai. Ta ɓullo ta ɗaya gefen.

A zagaye na biyu ma ya ji saukar giyar, amma kamar an ɗan wuce turken kafin a sauko. Siririn nan mai farar riga yana duba agogonsa, ya daina dariya. Iorwuese ya zo ya tsaya kusa da Malam Badaru, kwalbar tana hannunsa har yanzu.

Motar ta wuce gabansu a karo na uku, zafin tayoyinta ya bugi fuskokinsu. Ta sha kwanar farko, ta sha ta biyu, ta miƙe zuwa gangarar.

Ko akwai sauran ruwan kofin Indo a cikin bututun tayar hagu, ko babu, Malam Badaru bai sani ba. Iorwuese bai sani ba, shi ma yaron da ke cikin motar bai sani ba tukuna.